Kowace manhaja da ranar ƙarewarta

Aikinmu a Garwa girka sabar ne, wato kwamfutar da ke riƙe bayanai, ga kantunan magani da makarantu masu zaman kansu, kuma kusan duk abin da muke ɗorawa manhajar kyauta ce: Ubuntu mai tafiyar da kwamfuta, PostgreSQL ta rumbun bayanai, PHP ta shafukan intanet. Kyauta ce, amma masu yin ta sun yanka wa kowace fitowa wa'adi. Wa'adin na cika sai su daina toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Na'ura kuwa ba ta tsayawa, shi ya sa mai kanti ba ya lura.

Ubuntu na fitowa sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Mai dogon wa'adi, wadda ake kira LTS, sai Afrilun shekara mai lamba cika: 22.04, 24.04. Ita ke samun kulawar shekara 5. Sauran wata 9 kacal. Wanda ya ɗora wa kantin magani ta wata 9 ya cuce shi, don bayan wa'adi ana kwashe rumbunta zuwa wani adireshi, a buga apt update, umarnin neman sabbin gyare-gyare, sai 404, saƙon ba a samu ba, ta cika allo.

LTS ɗin ma ba ma taɓa ta ranar da ta fito. Muna jiran fitowar gyara ta farko, 24.04.1 sai Agustan 2024 ta zo. Jiran ya yi mana daidai, don Afrilu tsakiyar zafi ne a nan, wuta na yawan ɗaukewa. In ta ɗauke ana cikin hawa, wato komawa sabuwar fitowa, fakitocin manhaja su tsaya rabi da rabi. Wani lokaci umarnin dpkg --configure -a ya ɗinke ɓarakar, wani lokaci sai an girka daga tushe. Don haka ba a farawa sai batir ya cika, an ɗauki pg_dump, wato kwafin bayanan PostgreSQL, a faifai na daban, an kuma gwada mayar da shi a wata kwamfuta. Ba a tsallake mataki: daga 20.04 sai an bi ta 22.04 kafin 24.04.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne PHP. Masu ita na kula da kowace fitowa shekara 4, biyu gyara, biyu tsaro kawai. Amma PHP 8.3 da ta zo cikin 24.04, Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ke ɗinke ta har ƙarshen wa'adin Ubuntu ɗin. Wadda aka jawo daga rumbun waje ba ta cikin wannan alkawari. PostgreSQL shekara 5 ce.

Wa'adin ma kan canza. An sa wa CentOS 8, wata manhaja irin Ubuntu, shekarar 2029, a Disamban 2020 aka dawo da shi ƙarshen 2021.

A takardar yarjejeniya muna rubuta ranar ƙarewar kowace manhaja, mu ja layi ƙarƙashin mafi kusa, da kuɗin hawa a sefa, mai kanti ya sa hannu. Aikin hawan kuma wata shida kafin ranar ake sa shi, daren da kanti ke rufe.