Mbale, wajen malamanmu 'yan sa-kai

Yayana na cikin malaman jami'a da Najeriya ta tura Uganda a ƙarƙashin shirin tura ƙwararru 'yan sa-kai ƙasashen waje, wato TAC, wanda gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1987, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje. Maimakon a riƙa miƙa wa ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na Fasifik tsabar kuɗi, sai a tura musu likitoci da malamai da injiniyoyi su yi shekara biyu. Najeriya ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓi mutum ita ke ba shi wurin kwana. Da na ce zan kai masa ziyara, bai tambaye ni ranar zuwa ba, sai ya turo mini jerin saƙo: kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji, kilishi. Rabin akwatina na cefane ne.

Jirgi ya sauke mu a Entebbe, a bakin tafkin Biktoriya. Abin da ya fara rikita ni shi ne tuƙin hannun hagu, wanda mu muka bari tun 1972. Kampala kuwa cunkoso ne da 'yan acaɓa, su boda-boda suke ce musu, ba su da tsoro ko na sisin kwabo. Ban daɗe ba na hau motar gabas zuwa Mbale, garin da Yaya yake.

Hanyar ta ratsa dajin Mabira da gonakin rake. A Namawojjolo mota na tsayawa masu talla suka yanyame tagogi da gasasshiyar kaza a tsinke da gasasshiyar ayaba. A Jinja muka haye kogin Nilu ta sabuwar gadar da aka buɗe a 2018, muka wuce Iganga, muka isa Mbale da la'asar sakaliya ana yayyafi. Garin na kwance ne a gindin dutsen Wanale, wani reshe na tsaunin Elgon, ko'ina kore shar.

Jami'ar Musulunci ta Uganda, inda Yaya ke koyarwa, tana da 'yar'uwa a ƙasar Nijar. A taron ƙasashen Musulmi na Lahore a 1974 aka yanke shawarar kafa jami'o'i biyu a Afirka: ɗaya a garin Say don masu Faransanci, ɗaya a Uganda don masu Ingilishi. Ta Mbale ta buɗe a 1988. Shi ya sa za ka ga ɗalibai daga Somaliya da Kenya da Tanzaniya, har da namu 'yan Arewa, suna karakaina a harabarta.

Amma ba ajin lacca ne ya fi tsaya mini a rai ba, zaman gidajen ne. Maƙwabcin Yaya Inyamuri ne mai koyar da kimiyyar kwamfuta, na gaba da shi Bayarabiya ce daga sashen kiwon lafiya. A gida da wuya su haɗa hanya. A nan kuwa tukunya ɗaya suke ci ranar Asabar, kuma suna da ɗan asusu da kowa ke zuba wani abu duk wata, saboda rashin lafiya ko rasuwa a gida. Kukar da na kawo ma raba ta aka yi kashi-kashi. Garin masarar da mutanen wurin ke tuƙa posho da shi, shi Yaya ke yin tuwo da shi, kuma ba laifi. Matoke ne dai, ayabar nan da ake turarawa a cikin ganye, har yau bai shiga ransa ba.

"Yaya, shekara guda da rabi ba ka saba ba?" na ce masa.

"Kai dai ci naka, ƙanena. Ni da nake koyon Luganda da furfura, ai na yi ƙoƙari."

Da gaske yake. Bayan sallar isha'i wani ɗalibi kan zo ya koya musu gaisuwa da ciniki da Luganda da Suwahili, domin duk da cewa mutanen yankin Bagisu ne masu harshensu, da waɗannan biyun ake fita kunya a kasuwa. Su kuma suna rama masa da abin da suka iya. Duk ƙarshen mako suna buɗe aji kyauta ga masu digiri na biyu, kan yadda ake tsara bincike da rubuta kundi. Na zauna a guda. Wata ɗaliba ta zo da babi cike da jan biro, ta kusa kuka. Bayarabiyar nan ta zaunar da ita, suka bi shi layi-layi har aka kira azahar. Wannan ba ya cikin takardar aikinsu, ba kuma wanda zai ƙara musu ko shilin ɗaya. A ganina nan ne ainihin sa-kan yake, sauran aiki ne kamar kowane aiki.

Zuwana ya dace da 1 ga Oktoba. Suka ɗinka kore da fari, aka dafa shinkafa dafa-duka, aka gayyaci abokan aiki 'yan ƙasa, waɗanda su ma nasu bikin 'yancin ke tafe ranar 9 ga wata. Musun da aka tafka a kan wa ya fi wani iya ƙwallo ya fi jawaban tsawo.

Mun leƙa magangarar ruwa ta Sipi, inda ake noman kofi a gefen tsauni. Kyau kam akwai shi, santsi ma haka.

Abin da na ga yana damun Yaya shi ne lokaci. Shekara biyu ba ta isa a raka ɗalibin digiri na uku har ƙarshe, sai mutum ya fara gane gari wa'adinsa ya cika. Don haka ya tanadi wani littafi yana rubuta wa wanda zai gaje shi: wane ɗalibi ya kai ina, wane mahauci ke yanka da sassafe, wane ɗan acaɓa ne ba ya gudu. Ɗalibai uku kuwa ya riga ya yi musu alkawarin ci gaba da duba kundinsu ta WhatsApp daga Zariya.