Ƙasarmu da ba ta da ko taku ɗaya na fili

Yau ban zana komai ba. Na matso fenti tun safe ya bushe a faranti, ni kuma ina can ina musu da Yaya a waya har kunnena ya ɗau zafi.

Duk a kan ƙasar nan ce da nake ba ku labari, wadda ni da su Auta muke son kafawa, ta masu zane, da tuta da hatimi da fasfo amma babu fili ko taku ɗaya. Na tura masa samfurin fasfon ina jiran yabo, sai ga kira. Wai "ke yanzu wannan na mene ne?" Na ce Yaya fasaha ce fa, kuma ba mu muka fara ba. Na kawo masa Uzupis, unguwar nan ta Vilnius a Lituweniya da masu fasaha suka ce ta zama jamhuriya ran 1 ga Afrilu 1997, ranar da Turawa ke zolayar juna da ƙarya, tsarin mulkinsu ma a bango yake manne, har da layin da ya ba kare 'yancin zama kare. Ya yi ta dariya. Ni har na ɗauka na ci.

Sai bakina ya ja ni na ambaci NSK. Ashe ya fi ni saninta.

Ga wanda bai sani ba, ƙungiyar masu fasaha ce ta Sulobeniya tun 1984, a 1992 ana tsaka da wargajewar Yugoslabiya, tarayyar da Sulobeniya ta ɓalle daga cikinta, suka kafa ƙasa wadda suka ce a cikin lokaci take ba a doron ƙasa ba, ba iyaka ba soja, sai fasfo mai kama da na gaske sak. Abin da ya sa nake sonta kenan, mutane na kashe juna a kan iyaka su kuma suka fito da ƙasar da ba a iya yaƙi a kanta. Ina cikin wannan bayanin ya katse ni, ya ce "kin san su wa suka yi ta neman fasfon nan wajen 2007? 'Yan Najeriya, dubbai, yawanci daga Ibadan. Kina jin don son zane suka nema?" Sulobeniya ta shiga Tarayyar Turai a 2004, mutane suka ɗauka takardar shiga Turai ce, har sai da aka saka gargaɗi a shafin ƙungiyar, 'yan IRWIN kuma, masu zanen cikinsu, suka je Legas a 2010 suna yi wa mutane bayani ido da ido.

Na ce to ai shi ne aikin ya yi aiki, ya nuna fasfo takarda ce kawai, yardar mutane ce ke ba ta ƙarfi. Ya ce "ya nuna wa wa? Wanda ke yawo a ɗakin baje koli da fasfonsa na gaske a aljihu shi ya ga darasi. Wanda ya tara kuɗinsa ya aika ba darasi ya gani ba, shi aka yi darasin da shi."

Wallahi na ji maganar har ƙirji. Amma ban yarda na yi shiru ba, na ce ai a Sarayebo ma, babban birnin Bosniya, an raba fasfon a 1995, kuma ana ba da labarin wasu sun tsallake iyaka da shi. Ya ce to madalla, kenan in ya yaudari ɗan sandan iyaka fasaha ce, in ya yaudari talaka kuskuren fahimta ne? Na ce Yaya kai dai ba ka son abin ne. Ya ce yana so, shi ya sa ya kira.

Da yamma na faɗa wa Auta. Ita kam ba ta ɗauki abin da zafi ba, wai a cire fasfon kawai a bar tuta da taken ƙasa. Haka kawai na ji haushinta, don in ka cire fasfo me ya rage, kulob ne mai tuta. Fasfon ne kaɗai ke cizo a cikin aikin. Matsalar ban san wa zai ciza ba.

Kaina na ciwo tun magariba. Ban kira Umma ba, gobe in sha Allah.

Yanzu samfurin na gabana. Na rubuta "wannan ba takardar tafiya ba ce" da manyan baƙaƙe a bangon, ya yi muni ƙwarai, ya cinye hatimin da na kwana uku ina zanawa. Na sake wani da ƙananan baƙaƙe can ƙasa, ya yi kyau sosai, sai ka matso da shi dab da ido kafin ka iya karantawa. Duka biyun na ajiye, ban tura wa Yaya ko ɗaya ba.