Kwana ɗaya da na'urar Holter a ƙirjina

Kusan wata uku ina fama, ina zaune lafiya lau sai inji zuciyata ta yi wani tsalle kaman ta tsallake bugu ɗaya, gabana ya faɗi ras. Hajiya tace iska ce, a nemo rubutu. Na sha rubutun dai amma na wuce asibiti.

Aka min ECG, gwajin bugun zuciya, wayoyi goma a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, takarda ta fito likita ya duba yace komai lafiya. Wallahi haushi ya kama ni, nace likita ni fa ina jin abin nan a jikina. Yace ai wannan daƙiƙa goma kacal take ɗauka, zuciya kuwa tana bugawa wajen sau dubu 100 a rana, in bata yi halin nata a gabanmu ba ina za mu gani? Sai ya rubuta min Holter, na'urar da zan yi yawo da ita tana naɗar bugun zuciyata, awa 24.

'Yar ƙarama ce bata kai wayar hannu ba. Nas ya aske min gashin ƙirji, ya goge da sifirit, ya manna faci biyar, ya rataya min ita a wuya yace ba wanka sai gobe. A watan Afrilu fa! Da na fara mita yake ce min ta farko da Norman Holter ya ƙera a Amurka wajen kilo 38 ce, goya ta ake a baya, na ja bakina na yi shiru.

Alwala ba matsala, sujada ma haka, zufa ce ta cuce ni, faci ɗaya ya ɓare ina cikin adaidaita bayan la'asar ban lura ba sai magariba, wannan tsakanin duk ya tafi a banza, da na sani da na riƙe filasta a aljihu.

Takardar da suka ce in dinga rubuta lokaci da abin da nake yi duk sanda na ji tsallen kuwa da farko raina ta nayi, ashe ita ce rabin aikin. Na rubuta 9:40 na dare, wajen mai shayi. Likita ya nemo daidai lokacin a kwamfuta ya nuna min, ƙarin bugu ne da ke rigan lokacinsa, sai zuciyar ta ɗan dakata, dakatawar nake ji. Yace nawa ba yawa, in rage Nescafe da goro, in samu barci, in dawo a yi min eko, hoton zuciya.

Na rage, ya yi sauƙi sosai. Hajiya har yau cewa take rubutun ne.