Ashe harsashi ma yana jin sanyi

Jiya da sassafe hunturun nan ya koro ni wurin mai shayin bakin layinmu a Kawo, na tarar da Kawu, tsohon soja ne, a Jaji ya yi kwas. Hira ta kai mu kan masu harbin nesa, na ce ai saiti ne kawai, in hannunka ba ya rawa shikenan. Sai da ya kurɓi shayinsa tukuna ya ce, "Yaro, iyo harsashi yake yi a cikin iska."

Wai iska mai sanyi ta fi kauri, tana riƙe harsashi tana rage mai gudu, to saitin da ka yi da azahar a zafin Afrilu in ka zo da shi da asubar Janairu sai ka ga harbin ya faɗi ƙasa, a mita 100 ba za ka ma lura ba amma a mita 1,000 abin ba wasa. Albarushin ma haka, harsashin da ya sha rana ya fi saurin ci, ya fita da ƙarfi. Ga tudu kuma, Kaduna wajen mita 600 take sama da teku, Jos ta haura 1,200, iskar can ta fi sirantaka.

Inda muka yi musu shi ne damina. Ni na rantse iska mai laima ta fi nauyi, ai kowa na jin yadda take danne mutum a Agusta. Ya ce a'a, ta fi sauƙi. Na zaro waya na duba, wallahi gaskiyarsa, in aka auna ƙwayoyinsu adadi ɗaya, nauyin tururin ruwa 18 ne, na busasshiyar iska kusan 29, sai dai bambancin a harbi ɗan kaɗan ne.

Babbar matsalar dai iskar da ke kaɗawa ta gefe. Kawalwalniyar nan da kake gani tana rawa a kan kwaltar hanyar Zariya da tsakar rana, irinta masu harbin nesa suke kallo a madubin hangen nesa su gane ina iska ta dosa, in hazo ya sauka kuwa ko abin harbin ba ka gani balle ita. Shi kanshi Craig Harrison, sojan Birtaniyan da ya yi harbin mita 2,475 a Afganistan a 2009, ranar ba iska, gari garau.

Ni na biya kuɗin shayin, har da na ƙwai biyu, tunda na sha kaye.