Bakin wutan nan ya zauna a teburinmu

'Yan uwa masu koyon jan wasan Dungeons & Dragons (D&D, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari), maganar bakin wuta mai sihiri da ta hana ni sakat ta warware a zaman daren Asabar, kuma har yanzu murna nake.

Kun san yadda dokar D&D ta 2014 ta bar bakin wuta: kuɗin tagulla ɗaya, ya ci awa guda, haske ƙafa 20, dishi-dishi wasu ƙafa 20, in ka kai duka da shi lahanin wuta ɗaya tal. To ɗan wasanmu mai druid (jarumin da sihirinsa na daji da halittu ne) ya kafe, shi da bakin wuta zai yi yaƙi, kuma mai sihiri yake so.

Da fari na lissafa masa shi a matsayin kulki don ya ɗora Shillelagh, sihirin da ke ƙara wa kulki ƙarfin duka. Duka ya koma d8 (jifan ɗan lido mai fuska takwas), ga wutar ɗaya a kai. Ashe ɗayan nan ita ce fitinar. Troll, wani ƙaton dodo, yana farfaɗo da maki 10 na ransa a kowane zagaye muddin wuta ko asid ba su taɓa shi ba, sai ga shi kowane duka yana toshe masa wannan. Dodon da na ɓata dare ina shiryawa ya faɗi kafin shayi ya huce. Raina ya ɓaci sosai.

Sai 'yan wasan suka haɗa kuɗi, garin yaƙutu na zinariya 50, kusan duk abin da suka tara, aka yi wa sandar sihirin Continual Flame don kada wutarta ta mutu. Ita kuwa wannan wutar ba ta da zafi, haske ne kawai, ba ta ƙona komai. Gardama ta kaure, kuɗi sun tafi. Wani ya ce a ba ta lahanin wuta 2d6 (ɗan lido mai fuska shida, guda biyu) irin na takobin sihirin nan mai ci da wuta, Flame Tongue, a huta. Na ƙi, don a mataki na 3 takobin mayaƙinmu zai zama abin ado.

Ga abin da ya yi aiki. Na ɗauke sihirin daga itacen na mayar da shi kan mariƙin ƙarfe da ake cusa bakin wuta na kasuwa a ciki. Duka na kulki ne da wuta ɗaya. In yana son ƙarin d6 na wuta, zai samu, amma kowane ƙari yana cinye minti goma daga awar. Na jera tsinken ashana shida a gabansa, duk ƙari ya karya ɗaya.

Ku zo ku ga yadda ya riƙe tsinke na ƙarshe yana juya shi, ana cikin kogo, biyu daga cikinsu ba sa gani a duhu, suna roƙonsa kada ya karya. Ya karya. Canza itace kuma sai ya ba da zagayensa guda, cikin duhu.

Troll ɗin har yanzu yana shan wahala, na yarda da hakan, ladan mai riƙe da wuta ne. Abin da ya rage mini shi ne ruwan sama, don tafiyarsu ta gaba cikin fadama ce. Wanda ya taɓa tsara wannan a teburinsa ya faɗa mini yadda ya yi.