Ɗafa-goshin "in-" na Turanci biyu ne, ba ɗaya ba

Duk wanda yake Kano a watan Maris na 2019 ya san kalmar *inconclusive*, ko da bai taɓa zama a aji ba. Hukumar zaɓe ce ta jefo mana ita, da ta ce zaɓen gwamna bai kammalu ba a jihohi shida, ciki har da Kano da Sakkwato da Bauchi. Kafin mako ya zagayo ta shiga teburin mai shayi. Ni da nake koyar da Turanci ga yara masu shirin WAEC da JAMB, har yau da ita nake buɗe darasin ɗafa-goshi, domin babu yaron da ba ya gane ta nan take. *Conclusive* abin da ya yanke magana ne, aka ɗafa masa *in-* a goshi, ma'anar ta juye. Haka *independent* da ke cikin sunan hukumar kanta, wato wanda bai dogara da kowa ba, haka *invalid* da ake kiran ƙuri'ar da ta lalace.

Wannan *in-* na korewa daga Latin ya fito, kuma yana sauya kama gwargwadon harafin da ke gabansa. Gaban *p* da *b* da *m* sai ya koma *im-*, shi ya sa ake da *impossible* da *immature*. Gaban *l* ya koma *il-*, kamar *illegal* da *illiterate*. Gaban *r* kuma *ir-*, kamar *irregular*. Yara kan ɗauka haddace su za a yi ɗaya bayan ɗaya, alhali naso ne kawai, irin wanda bakinmu yake yi kullum. Muna rubuta "gidan Bala", amma ka saurari kanka, "gidam Bala" kake faɗa. Da zarar na sa su furta wannan, sai ka ga fuska ta washe.

To, a nan ne akasarin littattafan da ake sayarwa a bakin makaranta suke tsayawa, su ce *in-* na nufin "ba", shi ke nan. Wannan rabin gaskiya ce, kuma tana kayar da yara. Ɗauki wata kalmar siyasa, *incumbent*, mai ci a kan kujera. Me aka kore a cikinta? Babu. *Income* fa? Kuɗin shiga ne, ba rashin zuwa ba. *Inject* ɗura abu ne a cikin jiki, *import* shigo da kaya, *immigrant* baƙon da ya shigo ƙasa, *invade* kutsawa da ƙarfi. Duk waɗannan wani *in-* ne daban, mai ma'anar "ciki" ko "a kan". Shi ma yawanci daga Latin ya zo, shi ma yana naso, rubutunsu ɗaya, furucinsu ɗaya, amma asalinsu ba ɗaya ba ne. Na korewa ɗan'uwan *un-* ne na *unhappy*, na biyun kuwa ɗan'uwan *in* ɗin nan ne da ke cikin *in the house*.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Ɗafa-goshinmu na *ma-* aiki uku yake yi: marubuci mutum ne, makaranta wuri ce, mabuɗi kayan aiki ne, kuma ba mu taɓa ruɗewa ba domin mun san saiwar kowace kalma. Saiwar ita ce maganin abin a Turanci ma. Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su tambayi kansu, a jikin me aka ɗafa shi? In a jikin sifa ne mai zaman kanta, kamar *visible* ko *correct* ko *complete*, to yawanci korewa ce. In kuwa kalmar aikatau ce, ko daga aikatau aka tsiro da ita, kamar *inspect* da *include* da *insert*, to "ciki" ake nufi. Na ce yawanci, domin Turanci ba ya rasa 'yan tawaye.

*Invaluable* na daga cikin waɗanda masu shirya jarrabawa suke ƙauna. Yaro ya ga *valuable*, mai daraja, sai ya yanke cewa *invaluable* marar daraja ne. A'a. Korewar tana nan, sai dai abin da aka kore shi ne iya yi wa abu kuɗi, wato darajarsa ta wuce a kimanta. *Infamous* kuma ba wanda ba a sani ba ne, sananne ne, amma da mugun suna. Akwai wasu da korewar ta nutse a cikinsu har ba a ganinta. Wadda ta fi burge ni ita ce *infant*, jariri, wadda asalinta a Latin "wanda ba ya magana" ne. *Innocent* kuma "wanda ba ya cutarwa".

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci suna da nasu tarkon. A Faransanci *inhabitable* gidan da ba ya zaunuwa ne. A Turanci, da rubutu iri ɗaya sak, wurin da za a iya zama ne, domin daga aikatau *inhabit* ta fito, kishiyarta kuwa *uninhabitable*.

Amma kalmar da ta fi damuna ba ta jarrabawa ba ce. Ku dubi bayan tankar mai a hanyar Kaduna ko ta Zariya, sau da yawa za ku ga an rubuta HIGHLY INFLAMMABLE da jan fenti. Na taɓa tambayar aji ma'anarta, yara masu ƙoƙari da dama suka ce ai abin da ba ya kamawa da wuta ne. Kuma ba su yi wauta ba, dokar da aka koya musu suka bi: *flammable* mai kamawa, saboda haka *inflammable* marar kamawa. Gaskiyar ita ce kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya. *Inflammable* daga *inflame* take, cinna wuta, *in-* ɗinta na biyun ne.

Su kansu masu harshen sun ga haɗarin. Tun shekarun 1920 ƙungiyar kare aukuwar gobara ta Amurka take kira da a riƙa rubuta *flammable* a jikin kayan da ke kamawa da wuta, a 1959 kuma hukumar kula da ingancin kaya ta Birtaniya ta bayyana cewa *flammable* da *non-flammable* ta fi so a yi amfani da su. In Bature a ƙasarsa ya ji tsoron kalmar nan, ina ga mu da Turancin aro ne? Ban ce ita ke sa mutane su ruga kwasar mai idan tanka ta faɗi ba, wannan talauci ne da ganganci. Amma gargaɗin da mai ɗan karatu zai iya karantawa a juye bai cika gargaɗi ba. Da masu tankokin da ke bin hanyoyin Arewa za su ji ta tawa, da sun goge *in-* ɗin nan, sun ƙara "Hattara, yana kamawa da wuta" a ƙasa, da boko da ajami.