Katifar magen da ta ƙi bushewa

Duk tela ya san buhun nan na bayan keke, wanda ake tura ragowar yadi a ciki ana cewa wata rana zai yi amfani. Akwai wata likitar dabbobi a nan Jos da ke tsintar 'ya'yan maguna da kwikwiyoyin da aka yasar, ta riƙe su har a sami mai so. Da ta ce min a kan siminti suke kwana, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ɗinkin ba wani aiki ba ne. Na harhaɗa manyan ƙyallayen atamfa kamar rigar filo, na ɗura ƙananan a ciki har suka yi tim, na rufe baki. Maguna kuwa suka haye abinsu.

Wanki ne ya tona asiri. A irin wannan wuri shimfiɗa ba ta kwana biyu ba a wanke ta ba, ga fitsari, ga amai, ga ƙuma. Da aka tsoma katifun a ruwa sai ƙyallayen ciki suka dunƙule waje guda, nauyi kamar an jiƙa buhun gero. Ga shi watan Agusta, rana sai ta ga dama take leƙowa. Wajen ya bushe, cikin yana nan sharkaf, har fumfuna ta kama. Likita ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ɗan mage ba ya jure sanyin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa." Duk aka zubar. Har yau in na tuna bayana da ya ƙage a kan keke saboda su, raina sai ya sosu.

Yanzu falle-falle nake yi. Ƙyalle uku ko huɗu a shimfiɗe, ɗaya bisa ɗaya, in bi su da layin ɗinki a tsaye da a kwance yadda babu abin da zai motsa a ciki. Ba ta da taushin waccan, amma a wanke da safe, kafin la'asar ta sha iska. In ana son kauri a ninka biyu. Shadda sai na fara wanke ta saboda sitaci.

Leshi da duk mai duwatsu ba sa shiga. Zaren da ya yi saura a gefe kuma ina datse shi tas, domin mage na haɗiye zare ya naɗe a ƙarƙashin harshenta, sauran ya bi hanji, sai an yi tiyata. Ina kuma bin kowane ƙyalle da maganaɗisu saboda fil da karyayyar allura.

Ƙananan guntayen da suka jawo min asarar kuwa, yara nake ba wa suna ɗura wa 'yar tsana. In kin ji wata tana cewa a cusa su a katifar dabba, tambaye ta waye zai wanke, a wane wata kuma.